Ranar da Mai Kwalba Ya Zo Neman Yafiya

Na yi aikin wankin miki a wani ɗakin shan magani da ke wajen Kawo, tun Turawa ba su tafi ba. Karatuna bai wuce elemantare ba, amma a wajen surutu ko lauya sai ya ba ni hanya. Wannan bakin nawa ne ya kusa sa mu rasa ran wani saurayi. Allah ya yafe mini.

Aikinmu ba shi da wuyar ganewa. Manyan kwalabe ne a jere a kan kanta, akwai jan magani, akwai fari, akwai mai ruwan ɗorawa. Kowa ya zo da kwalbarsa daga gida, a tambaye shi inda ke ciwo, ya nuna, a zuba masa, ya kama hanya. Mutane har daga Rigasa da Katabu suke zuwa, tsofaffi kuma ja suke so ko da ƙafa ce ke ciwo, wai shi ne mai ƙarfi. Shugabanmu wani malamin asibiti ne, tsohon soja da ya yi jinyar sojoji a yaƙin Bama, muna kiransa Baba. Shi ba ya gaggawa. Sai ya tambayi mutum gidansu da barcinsa da abincinsa, ni kuwa ina gefe ina ƙunƙuni wai yana ɓata mana layi.

Saurayin ɗan wani akawu ne a sakatariya, bai kai shekara ashirin ba. Ya gama makaranta a Zariya, ya zauna jarrabawar shiga aikin gwamnati, ya faɗi. 'Ya'yan abokan aikin ubansa duk sun ci, uban kuwa tun kafin sakamako ya fito ya gama shelar cewa ɗansa ya zama akawu. Daga nan yaron ya fara zuwa wurinmu kusan kullum. Yau kai, gobe ciki, jibi ba ya barci. Idan Baba yana ɗakin allura, ni nake sallamarsa, in zuba masa duk wanda hannuna ya fara kaiwa. Na sa masa suna Mai Kwalba. Nakan ce masa da shan magani jarrabawa ne da shi ya zo na ɗaya a Jihar Arewa. Layi ya kwashe da dariya, shi ma ya ɗan yi murmushi, ni kuma in ɗauka na faranta masa.

Wata safiya ya zo fes, da farar riga wankakkiya, fuska a sake. Bai shiga layi ba. Ya fara da mai ƙosan bakin ƙofa, ya durƙusa ya ce ta yafe masa. Ya je wurin mai shara, haka. Sannan ya zo wurina.

"Yaya, in na taɓa yi maka laifi ka yafe mini."

Ya ajiye kwalbarsa a kanta ya ce a ba wanda ba shi da ita. Ya zaro alƙalaminsa daga aljihu, irin mai shan tawada, ya miƙo mini.

To, a wurinmu mai doguwar tafiya shi ke bin mutane yana neman yafiya, kowa ya san haka. Ga kuma alƙalami yana ƙyalli a hannuna, irin wanda na daɗe ina sha'awa. Ban tambaye shi komai ba. Ni na yanke masa tafiyar da kaina, na ce lallai Ikko za shi, in ya dawo ya sayo mini tocilan. Ya ce to. Ya fita.

Da Baba ya fito ya ga ina gwada alƙalami a bayan hannuna, na ba shi labari da fara'a. Ya tsaya yana kallona.

"Shi ya ce maka Ikko, ko kai ka ce masa?"

Na ce ni ne. Ya tambaya ko na ga kaya, ko yaron ya ambaci jirgi ko wanda zai sauka a wurinsa. Babu ko ɗaya. Ban taɓa ganin Baba ya yi sauri ba sai ranar. Ya turo mini kekensa ya ce kada in dawo ba tare da yaron ba.

Na cim masa a hanya, yana tafiya a hankali, ba ta wajen gidansu ba. Na ce Baba na kira. Ya ce ai ya warke. Na ce in na koma ni kaɗai korata za a yi, kuma da gaske nake. Ya tausaya mini, ya hau bayan keken.

Baba ya bar layi a tsaye, ya shigar da shi ɗaki, ya zaunar da shi kusa da shi. Ni ina tsaye riƙe da tiren auduga don kada a ce in fita. Baba ya ce, "Ɗana, zan tambaye ka, ka faɗa mini gaskiya. Kana tunanin kashe kanka ne?"

Yaron ya ɗaga kai alamar e, hawaye suka zubo.

Nan na yi wautata ta biyu. Na ajiye tire na fara wa'azi, ina kawo wuta da azabar kabari, ni da sai an tashe ni sallar asuba. Baba ya ce, "Kai, wanda ya zo da miki wa'azi kake masa ko wankewa kake?" Na koma na ɗauki tirena. Shi ya saurara kawai. Yaron ya faɗi yadda gidansu ya yi masa ƙunci, yadda yake ganin kowa zai huta in babu shi. Baba bai ƙaryata shi ba, bai tsawata masa ba. Ya ce wannan ciwo ne, ya gan shi a wurin maza jarumai, kuma ana warkewa. Ya tambaye shi wa yake so a kira. Ya ce kawunsa, wani tela.

Kawun ya zo da zare a wuyan riga. Uban ya biyo baya, yana faɗin abin kunya da abin da mutane za su ce. Baba ya bari ya gama, sannan ya ce mutane ba su suka haifi yaron ba. Uban ya nemi benci ya zauna. Aka shirya cewa za a kai yaron wurin likita a babban asibiti a ranar, ya koma gidan kawunsa da zama, a kawar da duk abin da zai iya cutar da shi, kada kuma a bar shi shi kaɗai. Kowace safiya ya zo wurin Baba, ba da kwalba ba, hira kawai. Ni aka ɗora wa rako shi, bisa sharaɗin in rufe bakina. Alƙalamin kuwa Baba ya sa na mayar, ya ce mai shi yana da sauran rubutu. Na mayar, amma gaskiya da ƙyar yatsuna suka sake shi.

Ba a rana ɗaya ya warware ba. Wata safiyar ya yi magana, wata safiyar mu je mu dawo ba wanda ya ce uffan, abin da ya fi wankin kowane miki wahala a wurina. A hankali ya fara taya kawunsa ɗinki, ya fara cin abinci, har ya fara tsokanata wai shirun da nake yi ya ramar da ni.

Bayan damina ta zagayo ya sami gurbin koyon aikin gona a Zariya. Ya sake zuwa neman yafiya, ya fara da mai ƙosai kamar wancan karon. Da ya iso wurina na tare ƙofa. Na tambaye shi wace mota, wa zai sauka a wurinsa, ina akwatinsa, yaushe zai dawo. Ya amsa duka yana dariya, duk da haka sai da na ɗauki akwatin a ka na raka shi tasha, na ga ya zauna, na ga mota ta tashi. Da ya zo hutu ya kawo mini tocilan, ya ce in yi haƙuri, ta Zariya ce, ba ta Ikko ba.