Cokalin Tarmi

Mijin yayata, Pak Darmin, shekara ashirin da shida ke nan yana wanke gilashin shaguna a layin masu sayar da zinariya na birnin Semarang, amma har yau akwai masu kiransa "mai bokiti", su da ko kofin da suka sha shayi ba sa iya ɗaurayewa. A nan ba ma kiran mutum da gatsal ɗin sunansa: Pak, Mas ko Koh ake sa wa namiji don girmamawa, Bu ko Mbak ga mace. Rumfar abincina tana bakin layin, saboda haka kullum ina ganin isowarsa da ƙarfe shida a kan tsohon babur, tsani ɗaure a gefe, bokiti biyu a baya, tsofaffin jaridu cike da buhu. Da ruwan sabulu yake wankewa, ya share da roba, sannan ya bi da jarida har gilashin ya ɓace wa ido.

Ba shi kaɗai yake aikin ba, ko da yake ba wanda ya taɓa lissafa yayata Tarmi a matsayin ma'aikaciya. Shi yana waje kan tsani, ita tana cikin shago inda haske ke nuna komai. In ta hango tabo sai ta ciro cokalin shayi daga aljihu, ta ƙwanƙwasa daidai wurin. Kas, kas. Ya goge. Haka suke bin layin shago bayan shago, ba mai ce wa wani uffan.

Tarmi ta rasu shekara biyu da suka wuce. Ba a jima ba yanar ido ta fara rufe wa Darmin gani. Hannunsa bai manta aikin ba, amma ya daina ganin abin da ya bari a baya, kuma ba wanda ya gaya masa. Duk layin suna gani, suna yi masa murmushi suna cewa sannu da aiki.

Koh Liong, mai shagon zinariya mafi daɗewa a layin, shi ma bai iya gaya masa ba. Rumfata ya zo, ya sa aka zuba masa shinkafa, ya yi ta juya ta bai ci ba.

"Bu Karsih," ya ce, "ɗana yana so mu kira kamfani. Ya ce sarƙoƙi ba sa ƙyalli ta bayan gilashin. Na roƙe shi ya bari zuwa bikin sabuwar shekararmu, saura sati uku. In bai gyaru ba, ba ni da bakin magana."

"Me ya hana ka gaya masa da kanka, Koh?"

"Haba. Mutumin da ya ɗauki ɗan nawa a kafaɗa yana yaro?"

Na san abin da ke biye. Masu shagunan layin nan ko fenti Koh Liong ya canza sai sun canza. In ya sallami Darmin, cikin wata guda babu gilashi ko ɗaya da zai rage masa.

Da Darmin ya zo cin abincin rana na ajiye masa faranti na ce, "Ba ka gani, Mas Darmin. Gilasanka duk zane ne. Ka ɗauki mutum."

Ya ɗago kai. "Karsih, da an bar mutum ya haɗiye lomar farko tukuna."

Maza biyu suka zo neman aikin. Ɗaya ya hau tsani kamar biri, ɗayan tambayarsa ta farko ita ce ko za a riƙa ba shi babur ya tafi da shi gida. Darmin ya ce shi ba ƙafa yake nema ba, ido yake nema. Ni na kawo masa Mbak Wuryani. Shekararta arba'in da bakwai, sha tara daga ciki ta yi su ne a masana'antar ɗinki tana duba riguna ɗaya bayan ɗaya don kamo zaren da ya kauce, har aka rufe wurin aka watsar da su kamar shara. Takan taya ni wanke-wanke, kuma na lura faranti in ni na wanke, sai ta faki idona ta sake wanke shi.

Layin ya samu abin dariya. Mai gyaran agogo ya ce, "Pak Darmin ya ɗauki ma'aikaciyar da ke tsoron tsani. Gobe sai mu ji ya ɗauki direba mai tsoron titi." Na ce masa ya fara gyara agogon bangon shagonsa da ya tsaya tun bara.

Sati guda suna aiki. Ta shiga ciki ta tsaya, hannaye a haɗe. Ya gama ya leƙo ya ce, "Ya yi, Mbak?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ya yi kyau, Pak." Kowane shago haka. Darmin ya dawo yana fara'a, har ya ƙara ƙwai a abincinsa.

Ranar Alhamis na bar tukunya a wuta na je na duba gilashin Koh Liong da idona. Ga zane nan mai tsawon hannu, daidai saman sarƙoƙin amare. Na dawo na tarar da Wuryani a bayan rumfa.

"Ke ma makancewa kika yi?"

"Na gani, Bu," ta ce a hankali. "Bakwai ne a na Koh Liong. Uku a shagon agogo, biyu a kantin magani."

"To me ya ɗaure miki baki?"

"Ta yaya zan ce wa babba aikinsa bai yi ba? Shi ya ɗauke ni, ga mutane suna ji." Ta murza bakin ɗankwalinta, na ga ya yi baƙi. Ashe in ya wuce shago na gaba sai ta fito ta goge waɗanda hannunta ya kai da ɗankwalin. Na sama ne suka gagare ta.

Raina ya ɓaci, amma ba da ita ba. Haka aka rene mu dukanmu: ka ga babba zai taka rami, ka rusuna ka ce a sauka lafiya. Shekara sha tara tana mayar da rigunan mutanen da ba ta sani ba, amma mutum ɗaya mai furfura ya tsaya a gabanta, harshenta ya mutu.

Na gaya wa Darmin komai, ina jiran ya ce a nemo wani. Sai ya yi ɗan murmushi.

"Yayarki ma ba ta taɓa faɗa mini da baki ba."

"Tarmi?"

"Shekarar farko tana gani tana shiru. Sai in dawo gida in ga fuskarta a ɗaure, ban san dalili ba. Wata rana aka kawo mata shayi a wani shago, tana juyawa, ina waje, sai kawai ta ɗaga cokalin ta taɓa gilashin. Kina tsammani don me aka yi cokalin?"

Ni da muka tashi ɗaki ɗaya da ita, ban taɓa sani ba. Na ɗauka dabarar aiki ce kawai.

Washegari ya zo da cokalin a naɗe cikin hankici. Ɗan ƙarami ne, bakinsa ya lotsa. Ya miƙa wa Wuryani da hannu biyu.

"Ba ke za ki faɗa ba, Mbak. Shi zai faɗa. Shi ba shi da kunya, kamar Karsih."

Ana saura kwana biyu biki suka isa shagon Koh Liong da safe. An riga an rataye jajayen fitilu, ɗan nasa yana tsaye a ƙofa da waya a hannu. Ni ma na je, in ya so abincin ya ƙone. Darmin ya gama gogewa ya tsaya a kan tsani yana jira. Wuryani ta riƙe cokalin kamar garwashi. Ta ɗaga, ta sauke. Can ta taɓa gilashin, ko ƙuda ba zai tashi ba.

"Ban ji ba, Mbak," in ji Darmin.

Kas.

Ya kai jarida wurin ya goge. Ta matsa hagu. Kas, kas. Sau goma sha ɗaya na ƙirga. Koh Liong da ke auna zobe a can ciki ya ajiye ma'aunin, ya cire tabarau, ya ce, ba da kowa yake ba, "An kwana biyu ban ji wannan ƙarar ba."

Ɗan ya fito titi ya duba, ya koma ciki ya duba, ya karkata kai ta nan, ya karkata ta can. Daga ƙarshe ya sa wayar a aljihu.

"Bayan biki, Pak. Talata, kamar kullum."

Wata takwas ke nan. An yi wa Darmin aikin ido ɗaya, yana gani daidai gwargwado, amma da mai agogo ya ce yanzu ai sai ya sallami Wuryani, ya ci gaba da goge gilashinsa kawai. Har yau ba ta hawa tsani, har yau in ya tambaye ta sai ta ce ya yi kyau, Pak, sannan ta ɗaga cokalin. Jiya suna cin abinci a rumfata ta yi ta kallon akwatin gilashin da nake jera soyayyen kifi a ciki. Na ga hannunta ya nufi aljihu.

"Kada ki kuskura," na ce.

Kas.

Na duba. Maiƙo ne, shatin yatsana. Na ɗauko tsumma na goge.