Jerin Sunaye Biyu

Har yau ban manta da ranar da na kayar da Malama Rabi a taron malamai ba. Lokacin ni ne jami'in jarrabawa a wata sakandare a Isa, ita kuma sabuwar malamar kwamfuta ce.

An ba makarantar kwamfutoci. Rabi ta kawo shawara a haɗa su da uwa guda, wato babbar kwamfutar da za ta riƙe bayanan duka, kowa ya shiga da sunansa da lambar sirrinsa, jerin ɗalibai ya zama ɗaya. Na miƙe na ce kowa ya riƙe tasa, don in uwar ta lalace duk mun tsaya. Shugaban makaranta ya dubi furfurata, ya bi bayana.

Abin da na ɓoye shi ne, ta ce tsarin yana nuna wanda ya rubuta kowane abu. Ni kuwa da yatsa ɗaya nake bugawa, kuskurena ba ya ƙirguwa. Tsoron a gani ya sa na yi gardama.

Da rajistar jarrabawar ƙarshe ta zo, wata ɗaliba, Sa'adatu daga Burkusuma, ta koma ajin kimiyya. Rabi ta gyara a kwamfutarta, ta aiko mini da takarda. Na sa a aljihu na manta, na tura wa hukumar jarrabawa tsohon jerin da ke tawa kwamfutar.

Ranar jarrabawar kimiyya ba a samu sunan Sa'adatu ba. Mahaifinta ya zo a kan babur, ya tsaya a ofishin shugaba, aka kira ni da Rabi.

"Yallaɓai, likita take son zama. Mi za ni ce mata?"

Shugaba ya juya ga Rabi. "Malama, ina gyaran?"

"Jerin biyu ne, Yallaɓai, suka saɓa," in ji ta. Ba ta ko dube ni ba.

Na bar laifin a kanta. Kwana uku ina kauce mata kafin na shiga wurin shugaba na faɗi gaskiya, har da dalilin gardamata. Aka haɗa kwamfutocin, Rabi ta zaunar da ni ta koya mini bugu. Amma Sa'adatu sai da ta jira shekara guda.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin malamai: kafin ka ɗaga murya a taro, tambayi kanka ko aikin kake karewa ko kanka. Ni kaina na kare, ɗiyar wani ta biya.