Labulen da ke Bayan Shagon Baba Mai Aski

Tun kafin maƙwabta su buɗe shagunansu, Baba Mai Aski ya share gaban nasa, ya goge madubi, ya jera almakashi da reza a kan tawul. Daga nan sai ya leƙa bayan labule, inda da can yake jibge karyayyun kujeru, ya jona wata waya a caji, ya ajiye ruwa a kofi kusa da benci. Yanzu da hannu ya fara rawa, zai miƙa wa ƙaninsa shagon, ya kamata a faɗi abin da wannan lungu ya yi mana.

'Yarsa ma'aikaciyar jinya ce ta nuna masa wani shafi a intanet, inda ƙwararru ke sauraron mai damuwa, kowa da yarensa, har kurma akwai mai yi masa magana da hannu. Baba ya yi nazari. Ya daɗe yana riƙe kawunan maza, ya san halinmu: namiji ya gwammace baƙin ciki ya cinye shi da a gan shi yana neman mai saurarensa. A gida yara na kasa kunne, a wurin aiki abokai na jiran abin dariya. Amma wa zai tambayi mutum me ya kai shi shagon aski? Sai ya samo waya ya ajiye a bayan labule, don mai damuwa ya shiga ya yi magana da su.

Unguwa ta ɗauka. Tela ya ce, "Wayar da ta hana yaranmu barci ita ce za ta ba manya barci?" Mai kanti ya ce, "Baba, in asibitin ƙwaƙwalwa ka buɗe, ka kafa allo mu sani." Wasu suka ce duk abin da ka faɗa wa waya, gobe duniya ta ji. Baba dai ya ce, "Ni kai nake gyarawa. Sunkuyo."

Ana haka sai ga Dogo, direban babbar mota. Birki ya tsinke masa a gangare, abokin aikinsa ya rasu a gefensa. Tun daga nan bai sake taɓa sitiyari ba. Ba ci, ba hira, yaro ya yi motsi sai tsawa. Matarsa ta yi haƙuri har ta gaji, ta fara ɗaure kaya za ta tafi gidansu da yaran.

Baba na cikin yi masa aski ya ga yadda ya rame. Ya sunkuya kamar mai gyara ƙeya, ya raɗa masa, "Akwai waya a bayan labule. Wanda zai amsa bai san ka ba, bai san matarka ba, ba kuma zai taɓa zuwa shagon nan ba. Shiga."

"Baba, ni ba mahaukaci ba ne."

"Wa ya ce? Shiga dai, in bai yi maka ba ka fito ka zage ni."

Dogo ya shiga. Can sai Baba ya jiyo shessheƙa, ga bencin masu jiran aski cike da mutane. Nan take ya ƙure rediyo, ya kunna injin aski a iska, ya ɗaga murya: "Ni fa ƙwallon jiya satar gida ce, kowa ya gani!" Shago ya kaure da musu, har da masu miƙewa tsaye. Babu wanda ya ji komai. Wannan ita ce dabararsa har yau. Mutumin da bai taɓa zama ya kalli wasa ya ƙare ba, amma ya fi kowa iya tayar da rigimar ƙwallo.

Dogo ya riƙa dawowa, kai ƙwal kamar an wanke kwano. Tela ya ce, "Wai me ake askewa a nan? Ƙuda ya sauka ma santsi zai kwashe shi." Baba ya ce, "Kai ka kula da ɗinkinka, wandona har yanzu ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

Baba, kai ne wanda kurman kafinta ya shiga lungunka ya fito yana share ido yana murmushi. Kai ne wanda baƙon magini, da bai iya yarenmu ba, ya sami mai jin nasa a shagonka. Kai ka roƙi uwargidanka ta ajiye irin wayar a ɗakin da take kitso, don mata ma su samu. Ba ka taɓa cewa kai likita ne ba, kuma asirin kowa bai taɓa fita ta bakinka ba. Mai reza, mai rufin asiri!

Wata safiya ƙarar hon ta cika layi. Dogo ne a saman mota. Ya diro, ya tsaya a ƙofar shago, ya ce da ƙarfi, "Jama'a, abin da nake yi a bayan labulen nan kuka ne, wani yana saurarona. Da shi na koma mota, da shi uwar yarana ta kwance kayanta. Mai dariya ya yi."

Babu wanda ya yi. Sai wani dattijo, wanda kowa ke ganin ba shi da matsala a duniya, ya gyara murya ya ce, "Baba, akwai kowa a ciki ne?"

Har yau akwai masu taɓe baki, tela ma bai sauko ba, kuma ba kowa ne ya shiga ya dace ba. Amma duk mai shago, mai gareji, mai ofis, ya duba ko yana da ɗan lungu da benci, da bakin da zai iya yin shiru. Abin da Baba ya fara da shi ke nan.

Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu cikin lafiya. Yaran Dogo suna tashi a gidan ubansu, kuma in ya dawo daga tafiya da gudu suke tarbarsa.