Gwaibar da ke bayan ɗakin Mama

Shekara tara na yi ina aikin da a ofishinmu ake kira tuntuɓar jama'a. A taƙaice, ni ake turawa gaba kafin katafila ta iso. In za a faɗaɗa titi ko a ja lambatu, ni zan je in tara mutanen unguwa, in baje taswira, in saurari ƙorafi, in rubuta. Na iya aikin, na kuma san na iya, wannan ma yana cikin abin da ya cuce ni.

Damina biyu a jere ruwa yana shiga gidaje a wani layi na unguwar Makera, sai aka yanke shawarar jan babban lambatu ta bayan gidajen. Muka sa taro ranar Asabar a filin firamare, tunda Lahadi kowa yana coci. Muka kafa rumfa, muka jera kujerun roba, aka kawo lasifika mai ƙara irin ta masu tallan magani. Ƙa'idata ita ce duk mai magana ya fito gaba, ya karɓi makirfo, ya faɗi lambar gidansa. A lokacin ina ji da wannan tsari ƙwarai. Nakan ce ba ƙus-ƙus, ba wanda zai ce an yi wa wani alfarma a ɓoye.

Maza suka yi ta fitowa. Wani dattijon coci ya ce lambatun zai ci katangarsu, wani mai walda ya nuna inda taransifoma take. Injiniyanmu ya duba taswira, ya ce ana iya karkatar da lambatun taku biyu a nan, taku uku a can, ba wata wahala. Aka yi ta tafi.

Can wajen ƙarshe wata tsohuwa ta miƙe. 'Yar Binuwai ce, mijinta ya yi aiki a masaƙa har aka rufe ta, ya rasu ya bar mata ɗaki biyu da ɗan fili a baya. Kowa Mama yake ce mata. Ta riƙe makirfon nesa da bakinta, ta ce ita dai roƙonta a bar mata bishiyar gwaibar da ke bayan ɗakinta. Na tambaye ta dalili. Ta dubi rumfar cike da maza, ta dube ni, ta ce ta daɗe da ita ne kawai. Wani daga baya ya ce Mama tana tsoron rasa abin sawa a baki, aka fashe da dariya. Ni ma na yi murmushi, Allah Ya yafe mini. Na rubuta a fom cewa bishiya ɗaya ce, ba matsala. Na yi mata alkawarin dashe biyu a madadinta, har ina jin na yi abin kirki.

Da aka tashi sai ta tsaya a bakin rumfa tana jira. Na gan ta sarai. Amma rana ta take, mai unguwa yana ja na mu je cin abinci, kuma ai ni mai ƙa'ida ne, magana a gaban kowa ake yin ta. Na ɗaga mata hannu na wuce.

Bayan wata uku aka yi aikin. Ban je ranar ba. Washegari na zo dubawa, na tarar ramin ya ratsa bayan gidan Mama ta inda gwaibar take a da, zurfinsa ya fi tsayin mutum. Tana zaune a kan turmi, matan zumuntar cocinsu uku suna tsaye kusa da ita. Ɗaya daga cikinsu ta ja ni gefe. Ta ce Mama sau ɗaya tak ta taɓa haihuwa, 'ya mace, kwana huɗu ta yi a duniya. A danginsu jaririn da bai kai suna ba a bayan ɗaki ake binne shi, ba a ɗaukarsa zuwa ƙauye, kuma ba a ƙara ambatonsa a bainar jama'a. Mijin ne ya dasa gwaibar a kai don kada wurin ya ɓace musu. Da katafila ta iso, Mama tana asibiti wajen awon hawan jini.

Abin da muka yi wa katanga da taransifoma, da an yi mata shi cikin minti biyar. Injiniya bai hana ba, ba kuma wanda ya hana daga sama. Ni ne na miƙa wa mace makirfo a gaban maza na ce ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa da ƙarfi ba a rayuwarta. Tun daga lokacin, duk taron da na kira, sai na bi gida-gida daga baya, in zauna a tsakar gida in yi shiru har a gaji a yi mini magana. Abokan aiki suna mini tsiya wai na zama mai gaisuwar surukai. Na ji abubuwa da yawa ta wannan hanya, amma babu ɗaya da ya amfani Mama.

A ranar da na tarar da ramin nan, na durƙusa gaban Mama. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ce, "Ɗana, ƙasar da kuka kwashe, ina kuka kai ta?"

Na nemo direban tifa. Ya ce sawu da yawa suka yi, wasu an zuba a wani kwari a Gonin Gora inda ake cike fili, wasu an kai Kudenda, shi bai riƙe wanne ne daga ina ba. Na koma na ce mata Gonin Gora. Kudenda kuwa ban ambata ba, har yau kuma ban faɗa mata ba.

Na ɗauki shatar keke mai ƙafa uku muka tafi mu biyu. An riga an baje ƙasar, ja wur, har an fara jera bulo a gefe. Ta daɗe tana takawa a hankali, kanta a sunkuye. Can ta tsaya, ta tambaye ni ko nan ne. Ban sani ba. Na ce, "Nan ne, Mama."

Ta sunkuya da ƙyar, ta ɗebi ƙasa cikin tafi biyu, ta ƙulle a bakin zanenta. Sannan ta ɗago ta yi mini godiya.