Nauyin da Roba Ta Ɗauka

Har in koma ga Mahaliccina, wata ranar Laraba ta tsakiyar damina ba za ta fita daga raina ba, ranar da yayana ya tsuguna a bakin gulbi bai sake miƙewa da ƙafafunsa ba. Lokacin ina 'yar sakandare a wani ƙauye kusa da Goronyo. Yarinya ce ni marar magana, ko baƙo ya gaishe ni sai in sunkuyar da kai, amma ba abin da ke wuce idona.

Yayana yana cikin samarin da ke ɗaga ƙarfe a bayan gidanmu, ƙarƙashin wani itacen dogon yaro. Kayan wasansu sandar ƙarfe ce da fayafayan wata tsohuwar katafila da aka yar tun zamanin aikin madatsar ruwa. Mai koya musu wani tsohon soja ne, shi ya zo musu da dabarar roba. Ya yanka robar cikin tayar babbar mota, ya ɗaure ta a reshen itacen, ya saƙala ƙasanta a gefe biyu na sandar. In mutum ya ɗora sandar a kafaɗa ya tsuguna, robar sai ta miƙe ta yi siriri tana jan ƙarfen sama. In ya taso sai ta saki ta yi lakwas, nauyin ya dawo kansa. Ta ɓular zana nake kallonsu ina wanke-wanke, har na san kukan da robar ke yi in ta kai maƙura.

Kullum tsohon sojan yakan ce musu, "Ku ji ni da kyau. Roba don jikinku shi saba da nauyi a sama ne. Can ƙasa, inda wuya take, ita ka ɗauka, ba ku ba."

Yayana yakan yi dariya ya ce, "To Baba soja, mi ar ruwan ƙarhe da wanda ya ɗauke shi, tunda dai ya tashi?"

Da tsohon ya yi tafiya wajen 'yarsa a Wurno, wasan ya canza. Duk sanda suka ƙara faifai, sai su ninka robar. Kowa na ƙidaya fayafayai, ba mai ƙidaya roba. Abokansa suka sa masa suna Katafila, ya riƙa tafiya hannuwa a buɗe kamar mai ƙurji a hamata. Inna ma takan ƙara masa fura tana cewa ƙato sai da ci. Yanzu da na girma na gane ba ƙarya yake wa kowa ba. Shi kansa ya yarda ƙarfinsa ne.

Ranar Larabar na kai abinci fadama bayan an tashi makaranta. Na tarar gulbi ya cika ya yi ja, yana tahowa da karan gero da kumfa. Babban injinmu na ban-ruwa, wanda shinkafarmu da albasarmu ta rani suka dogara da shi, yana cikin ramin da aka haƙa masa a gaɓa, ruwa har ya fara lasar ƙafafunsa. Inji ne mai nauyi, maza da dama ke kama shi. Baba ya aika a kira mutane da amalanke, yana ta leƙen hanya.

Yayana ya ce, "Baba, kahin su iso ruwa ya ci shi. Ni abin da nika ɗauka gida ya hi wanga."

Baba ya ce, "Kai dai jira."

Bai jira ba. Ya zura wani ƙaton ice cikin igiyar da ya ɗaure injin da ita, ya shiga ramin, ya sa icen a kafaɗa kamar yadda yake yi da sandar, ya tsuguna har ƙasa. Na ga yatsun ƙafarsa sun nutse cikin laka. Na ga ya ja numfashi, ya ɗan ɗaga ido sama, kamar yadda ya saba kafin ya taso. Babu reshe a samansa, sai hadari. Injin ya rabu da ƙasa kamar taƙi ɗaya, jijiyoyin wuyansa suka fito, ya tsaya nan, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Sai na ji wata ƙara 'yar ƙarama, kamar an karya ɗanyen kara.

Bai yi ihu ba. Ya kife a gefen injin, fuskarsa cikin ruwa, Baba ya faɗa ramin ya tallabo kansa. Abin da ya fara faɗa shi ne, "Baba, ina ƙahwahuna?" Suna nan a jikinsa, yana kallonsu, bai jin su.

Amalanken da aka kira don inji shi ya ɗauki yayana. Kafin la'asar ruwa ya rufe ramin da abin da ke cikinsa. A asibiti a Sakkwato aka ce ƙashin baya ne, sai haƙuri. Da tsohon sojan ya dawo, ya tsaya ƙarƙashin itacen yana duban robobin da aka ninka, sannan ya shigo ya zauna bakin tabarmar yayana. Yayana ne ya fara magana: "Ai ka hwaɗi muna, Baba soja."

Ya rayu shekaru a zaune yana gyaran komar masunta, kafaɗunsa na nan da faɗinsu, ƙafafun suka tsotse. Abin da na koya a bakin ramin nan shi ne, taimako ba laifi ba ne, mantawa da shi ne halaka. Kafin mutum ya ce "na iya", ya fara tambayar kansa wa ke riƙe masa a inda abin ya fi wuya, domin ranar da buƙata ta zo, shi kaɗai zai tsuguna.