Kawu Jatau da Jami'arsa ta Ganye

Duk wanda ya san Kawu Jatau a cikinku ya san shi da tsohuwar jarida a hammata. Da ita yake zuwa kasuwar Birnin Gwari, da ita yake zuwa suna, har gaisuwar mutuwa ba ya barinta a gida. Baƙi suna ɗauka ɗan boko ne. Mu 'yan Tabanni mun san ko sunansa aka rubuta ba zai gane ba. Jaridar ta danne ganye ce. Kuna cikin magana sai ya ce, "Riƙe bakinka, ina zuwa," ya faɗa ciyawa, ya dawo da wani ɗan tsiro, ya shimfiɗa shi tsakanin shafuka a hankali kamar mai kwantar da jariri, sannan ya ce, "To, wa ka ce ya rasu?"

Ƙanen mahaifiyata ne, maharbi kuma mai cin zuma, kuma lafiyarsa lau har zuwa 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, lokacin da wata mota ta tsaya a ƙofar gidan mai gari. A cikinta akwai wani Bature da ake kira Dokta da ɗalibai biyu daga jami'a, can Zariya. Suna neman wanda ya san daji. Aka ce ai sai Jatau.

Shi Kawu ya riga ya yanke hukunci: Bature bai zuwa ƙasar nan sai don zinariya. Sai ya yi ta jan su wajen tsofaffin ramukan haƙar zinariya. Su kuwa ko leƙawa ba sa yi. Su tsaya gindin doka, su tsinki ganye. Su tsaya gindin taura, su tsinki fure. Kwana uku yana cewa a ransa wayo ne, ɓoye nufinsu suke yi. A rana ta huɗu haƙurinsa ya ƙare, ya tare ɗalibin da ke musu tafinta.

"Malam, wannan ganye miya za a yi da shi?"

"A'a, Baba. Busarwa za a yi, a ajiye a wani ɗaki a jami'a."

"Ba a ci?"

"Ba a ci."

"To jiƙawa ake yi a sha? Wane ne ba shi da lafiya?"

"Kowa lafiya lau. Ajiyewa kawai ake yi, ko bayan shekara ɗari a zo a duba."

Kawu ya dubi motar, ya dubi takalman Dokta. Can ya gyaɗa kai ya ce, "Lalle wannan ilimi ne babba, tunda ni ban gane shi ba."

Damina uku suna zuwa. Ranar da za su tafi tafiyar ƙarshe Dokta ya dafa kafaɗarsa ya ce shi ne farfesansu na daji. Kawu ya ja ɗalibin gefe ya tambaye shi ko zagi ne. Ɗalibin ya ce a'a, farfesa shi ne wanda ya fi kowa sani, kuma ba ya saurin ba da amsa sai ya yi bincike. To, nan aka kashe mu. Daga ranar Kawu bai ƙara amsa tambaya kai tsaye ba. Matarsa, Inna Lami, ta ce, "Malam, ina ka ɗaure akuya?" Sai ya ce, "Ana bincike." Akuyar kuwa tana cikin gonar maƙwabci tana nata binciken.

Ya buɗe tasa jami'ar a ɗakinsa. Ya tara ganye cikin jaridun da suka bar masa, ya ɗauke dutsen niƙan Inna Lami ya danne su da shi. Ta yi magana, ya ce aro ne na hukuma. Ta ƙyale shi, amma kun san halin Inna Lami. Wata rana da bazara, kayan miya sun yi wuya, ya tafi daji ciro zuma. Ta shiga ɗakin don ɗauko dutsenta, ta ɗaga jarida, sai ga kuka da rama da zogale da yakuwa, sun bushe tsaf, ba ƙasa ba tsakuwa. Da ya dawo ya ci tuwo har ya nemi ƙari, yana ta sa mata albarka. Ya shiga ɗaki, ya fito da jarida wayam a hannu.

"Lami, kin dafa jami'a."

Ba ta ko ɗago kai daga wanke-wanke ba. Ta ce, "Gishiri ya ji?"

Shi ba ya ƙarya, wannan kowa ya shaide shi. Ya ce, "Ya ji."

Maganar maɗacin bakin rafi kuwa ba ta dariya ba ce da farko. Wasu masu yankan katako suka zo da takardar izini da manyan zartuna. Itacen da suka fara sa wa ido shi ne wannan maɗacin da kakanninmu suka tarar, wanda duk unguwa ke sassaƙar ɓawonsa in ciwon ciki ya tashi. Da suka iso sai suka tarar da Kawu zaune a gindinsa da butarsa. Ya nuna musu wani ɗan kwano da Dokta ya kafa a jikin itacen da ƙusa, da lamba a kai.

Ya ce, "Wannan ɗalibi ne. Ga lambarsa."

Shugaban masu yankan ya ce, "Baba, itace ne."

"Ban ce ba itace ba ne. Na ce yana jami'a. Kai ka je?"

Mutumin bai je ba. Ya duba kwanon, lamba ce ta gaskiya, an buga ta da ƙarfe. Ya duba takardarsa, ba ta ce komai a kan itace mai lamba ba. Aka tafi wajen malamin daji, shi ma ya juya takardar gaba da baya, ya ce shi dai ba zai sa hannu a sare kayan jami'a ba. Aka kai wa hakimi, hakimi ya ce a rubuta wasiƙa Zariya. Kawu kuwa kullum da asuba yana gindin itacen, har zazzaɓi ya kama shi, Inna Lami tana kai masa kunu tana faɗa. Kafin amsa ta zo ruwa ya sauka, hanya ta yanke, masu katako suka kwashe zartunansu suka yi gaba.

Lokacin ina kwaleji, na zo hutu, da amsar ta iso ni aka ba wasiƙar in karanta. Jami'a ta ce itacen ba nata ba ne, ba ta da iko a kansa, lambar ta tunawa ce kawai, amma tana gaishe da Malam Jatau. Na fassara masa duka. Ya ce, "Maimaita wurin gaisuwar." Na maimaita. Ya ce, "Sauran ba mu ji ba." Maɗacin nan yana nan har yau, kun gan shi.

Da na gama jami'ar ni ma, ya ce ba mai hana shi zuwa bikin yaye mu. Ya sa rigar sallarsa, muka shiga filin taro. Da ya ga malamai sun jero cikin baƙaƙen riguna suna tafiya a hankali, sai ya cire hula ya ce, "Wa ya rasu?" Na ce ba kowa, al'ada ce. Ya ga wanda ke gaba ɗauke da sandar girma ta azurfa, ya ce, "Taɓarya ce? Ina turmin?" Ya dubi hular kaina ya ce shekara uku na yi a nan aka sallame ni da faifai mai jela. Da aka kira wani attajiri aka yafa masa jar riga, ya tambaye ni me ya karanta. Na ce bai yi karatu a nan ba, girmamawa ce. Ya ce, "Wato wanda ya karanta baƙa, wanda bai karanta ba ja?"

Bayan taro na kai shi ɗakin ganyen. Dokta ya daɗe da komawa ƙasarsu. Mai kula da wurin ya jawo aljihun tebur ɗaya bayan ɗaya, Kawu yana kiran sunayensu da Hausa da Gwaranci tun kafin a ɗaga takarda. Sai aka zo kan wani ɗan tsiro mai yaɗo. Mai kula ya karanta ya ce, "Wannan mutanen wurin suna kiransa jatau." Ashe ranar da aka tsinke shi ɗalibin ya ce "Suna?", Kawu ya ɗauka nasa ake tambaya. Shekara da shekaru ɗalibai suna haddace shi a haka.

Mai kula ya ji kunya, ya ɗauko alƙalami zai gyara. Kawu ya riƙe masa hannu.

"Bar shi, ɗana. Dama ba shi da suna. Ni kuma ba ni da ɗan da zan bar wa nawa."

Ba wanda ya yi dariya. Duk mun san shi da Inna Lami Allah bai ba su haihuwa ba, amma ban taɓa jin ya ambata ba sai ranar.

A motar dawowa muka shiga daji. Yana ta kallon itatuwa suna wucewa. Can ya ce, "Garba, da a ce an sa ni makaranta…" Na jira ya ƙarasa. Sai ya nuna wata kirya a gefen hanya ya ce ta yi fure da wuri bana.

Har yau ban sani ba ko Kawu bai gane jami'a ba ne, ko kuwa ya gane ta sarai yana mana wasa da hankali. Na so in tambaye shi, na yi ta cewa sai wani zuwan, har aka aiko mini cewa ya kwanta bayan la'asar bai tashi ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Ya ba Inna Lami haƙurin zaman gidan da ya yi mata shiru. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.