Ni da Abu Yasir a Kan Ɗansandan Norway

Ba na manta ranar da mushrif, wato shugaban direbobi, ya kira mu ofis, ni da Abu Yasir, saboda fim. Ku yaran da aka ɗauka bana ku saurara, tun da wayarku ba ta barin hannunku.

Ga wanda bai san aikin ba: motar masu umra daga Madina zuwa Makka direba biyu ake ba ta, ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana gefe. Ana tsayawa a Bi'ir Ali mutane su yi wanka su ɗaura harami, mu kuma mu yi ta jira a rana kamar ba mutane ba. Na tsufa a wannan kujerar. Ban gama makaranta ba, shi ya sa yaran da na koya wa juya babbar mota yau su ke sa mini hannu a takarda. A bar wannan.

Abu Yasir abokin tuƙina ne, mutumin unguwar Ƙurban a Madina, kakanninsa daga Damagaram. Surutu gare shi kamar rediyo. A zaman jiran nan ya koya mini kallon fim a jawwal, wato waya, mai fassarar Larabci a ƙasa. A Sha'aban ɗin waccan shekarar muka kalli wani na ƙasar Norway. Ɗansanda ne tsoho, mai tumbi, matarsa ta bar shi, yana neman wata yarinya da ta ɓata a garin da ƙanƙara ta rufe. Ba gudu, ba harbi. Ya yi ta buga ƙofofi ana yi masa ƙarya. Ƙarshe ya gano wanda ya yi, amma ya makara, yarinyar tana ƙarƙashin tafki. Ya koma gida ya ci burodi a tsaye. Na ce yauwa, haka duniya take. Abu Yasir kuwa sai hanci yake ta ja, wai mura.

Bayan kwana biyu ya zo da wanda Amurkawa suka sake yi. Labari ɗaya, har sunan yarinyar. Amma ɗansandan ya zama saurayi mai ƙirji, gashinsa ba ya motsi. An fasa motoci, an tashi gada, ya faɗa tafkin da takalmansa ya fito da ita tana numfashi, ga kiɗa. Tsaki kawai na yi.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar muka bar Bi'ir Ali, ni ke tuƙi. Matata tana kwance a asibiti a makon, ban faɗa wa kamfani ba, don za su cire ni daga layin. Hanya a miƙe, sanyin mota, ga talbiyya tana tashi a baya a hankali. Sai na ji Abu Yasir ya ce, "Ya Abu Salihu, wallahi na Amurka ya fi."

Na ce, "Me ka ce?"

"Ɗansandanka ragon banza ne. Mai tumbi irin naka. Da ya bar cin burodi da ya same ta da rai."

Jinina ya hau. Na ce masa na Norway ya san mutum yana gajiya, ya san akan yi aiki da gaskiya a tashi a banza. Na Amurka kuwa tallar man wanke baki ne. Ya ce mutane sun biya kuɗinsu, me ya sa za a ba su gawa? Na ce to a yi musu ƙarya kenan? Ya ce, "Ai kai ko aljanna aka nuna a fim sai ka ce an yi ƙari." Duk lokacin da na yi shiru sai ya sake jefo wata. Haka muka yi har muka hango Makka.

Mun saba ɗaukar 'yan Indonesiya da Turkawa, muna Hausarmu ba mai ji. Ranar nan 'yan Kano ne cike da motar. Mutane cikin harami, an hana su ko musu, ga direbobinsu suna ihu a kan gawa da tafki. Jagoransu ya kai ƙara, kuma yana da gaskiya.

Mushrif yaro ne, sa'an ɗana. Ya ce jagoran ya shaida Abu Yasir ne ya fara kuma ya ƙi bari. Za a mayar da shi gareji, ni a ba ni sabon abokin tuƙi. Ya tambaye shi dalili. Abu Yasir ya dubi ƙasa ya ce, "Khalas, shi ke nan, ya ustaz, bakina ne."

A nan na tuna murar nan tasa. Mutumin da ya yi kuka a kan fim ba zai zage shi haka kawai ba. Na tuna kuma lokacin da ya fara maganar, tayar motar ta taɓa layin gefe har ta yi ƙara, ashe gyangyaɗi na fara. Da ya ce in sauka ya karɓa a gaban fasinja, da an rubuta mini laifi. Da ya faɗa wa mushrif, ni za a kai gareji.

Na ce, "Ya ustaz, idan an kai shi gareji a haɗa da ni. Matata ba lafiya, idona ya yi nauyi, shi ya riƙe ni." Mushrif ya janye maganar gareji. Ya ba ni hutun mako, ya ce Abu Yasir ya je ya ba jagoran haƙuri, kuma kada ya sake jin zancen fim a motarsa.

A waje na ce, "Ashe na Norway ka fi so, munafuki."

Ya ce, "Yalla, ya shaikh. Naka ya makara, nawa ya iso a kan lokaci. Kai wanne ka so a gefenka?"

Har yau ina kan bakana, na Norway ya fi. Amma ku da kuke roƙon a haɗa ku da mai shiru don ku huta, ku sani ba don hutawa aka sa kujera ta biyu ba. Ku nemi wanda ya san abin da ke ba ku haushi.